Igiyar Da Ta Tsinke A Sama: Yadda Kumbo Ke Zuƙar Lantarki Daga Sararin Samaniya

A ranar 25 ga watan Fabrairu na shekarar 1996, kumbon Amurka mai suna Kolumbiya yana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 300 daga doron ƙasa, ɗauke da 'yan sama-jannati bakwai. Babban aikin da ya kai su shi ne sakin wani tauraron ɗan'adam ƙirar ƙasar Italiya, dunƙulalle kamar ƙwallo, mai faɗin mita 1.6 da nauyin fiye da rabin tan. An ɗaure tauraron da wata siririyar igiya mai tsawon kilomita 20.7, wato tafiyar awa huɗu ga mai tafiya a ƙasa, alhali kaurinta milimita 2.5 ne kacal, kaɗan ta ɗara tsinken ashana. A cikin igiyar akwai wayar jan ƙarfe. Kusan awa biyar aka shafe ana warware ta sannu a hankali, tauraron yana ta yin sama har ya koma ɗan ɗigon haske. Saura kilomita ɗaya rak a kai ƙarshe, sai igiyar ta tsinke daga gefen kumbon, tauraron ya yi gaba yana jan kilomita 19.7 na waya a bayansa.

Kafofin watsa labarai sun ɗauki abin a matsayin asarar dukiya, kuma lalle an yi asara. Amma na'urorin awo ba su daina aiki ba. Sun nuna cewa kafin tsinkewar, tauraron yana zuƙar lantarki ninki biyu zuwa uku na abin da lissafin masana ya ce zai yiwu, kuma bayan tsinkewar ma lantarki mai yawan kimanin amfiya ɗaya ya ci gaba da gudana a cikin wayar har fiye da minti ɗaya, alhali bakinta na ƙasa yana lilo a sarari, ba a haɗe yake da kome ba. Tambayar da ɗalibin kimiyya zai yi ita ce: wayar da babu batir a jikinta, babu janareta, daga ina ta samo wuta? Kuma ta wace hanya wutar ke shiga da fita?

Sama ba wofi ba ce

Yawancin mutane sun ɗauka cewa da zarar an wuce iskar da ke lulluɓe da duniya, babu sauran kome sai sarari fayau. Ba haka abin yake ba. Daga nisan kimanin kilomita 60 har zuwa 1,000 akwai ragowar iska mai ƙarancin gaske, wadda rana ke duka kullum. Wani ɓangare na hasken rana, wanda ido ba ya gani, yana da ƙarfin da zai fizge ilektoron daga jikin ƙwayar zarra. Shi ilektoron cajinsa negetib ne, irin ɓangaren batir mai alamar ɗebewa. Ƙwayar da ta rasa shi kuwa sai ta koma fozitib, ita ake kira ayon. Iskar da ta cakuɗe da ilektoron da ayon masu yawo sakaka ita ce filazma, sunan da masanin Amurka Irving Langmuir ya raɗa mata a 1928. Walƙiya filazma ce, haka ma wutar mai walda da hasken da ke cikin dogon ƙwan fitila. Abin da ya bambanta ta da iskar da ake shaƙa shi ne, lantarki yana iya ratsa ta.

Wannan yanki na sama shi ake kira ayonosfiya, kuma duk wanda ya taɓa murɗa rediyo zuwa gajeren zango ya ci moriyarsa ko da bai sani ba. Muryar da ta taso daga wata nahiya ba ta iya bin lanƙwasar duniya. Sama take yi, ta daki wannan filazma, ta dawo ƙasa. Shi ya sa tashar da ke fita tangaran da safe takan dushe da dare, domin yawan filazmar yana hawa da sauka tare da rana.

A inda Kolumbiya ke shawagi, gurbin da bai kai girman dunƙulen magi ba, wato santimita ɗaya ta kowace fuska, yana ɗauke da ilektoron tsakanin 100,000 da 1,000,000. Adadin kamar mai yawa ne, amma irin wannan gurbi na iskar ɗaki yana da ƙwayoyin da sai an rubuta 25 an jera masa sifili 18. Saboda haka filazmar sama ba ta da kauri ko kaɗan, kuma wannan shi ne tushen matsalar: akwai lantarkin, amma a warwatse yake.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai sake tasowa nan gaba. Ayon ɗin da suka fi yawa a wurin na iskar oksijin ne, kuma kowane ɗaya ya ninka ilektoron nauyi kusan sau 29,000. Saboda nauyinsu, gudunsu bai wuce kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa ba. Ilektoron kuwa suna zirga-zirga da gudun kusan kilomita 200 cikin daƙiƙa. Shi kumbo yana tsakiya, da kilomita 7.7. Lamarin ya yi kama da motar da ta ratsa garken shanu a daidai lokacin da ƙudan zuma suka tashi: shanun ba za su cim mata ba, sai dai ita ta ci karo da waɗanda ke gabanta, amma zuman ta ko'ina za su far mata. Ashe ke nan samun ilektoron abu ne mai sauƙi ga kumbo, samun ayon kuwa sai wanda ya buge da gabansa.

Daga dainamon keke zuwa igiyar kilomita ashirin

A 1831 Michael Faraday, masanin ƙasar Ingila, ya gano cewa idan waya ta gitta filin maganaɗisu, ƙarfin da ke tura lantarki yakan taso tsakanin bakunanta biyu. Da bolt ake auna wannan ƙarfin turi, da amfiya kuma ake auna yawan lantarkin da ke kwarara. A kan wannan ƙa'ida dainamon keke ke kunna fitila, a kanta kuma manyan injinan madatsar Kainji ke aiki. Ita duniya da kanta ƙaton maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Faraday ya yi tunanin cin moriyar wannan tun a 1832, lokacin da ya zura faranti biyu na ƙarfe cikin kogin Tems daga gadar Waterloo a Landan, yana fatan ruwan da ke gudu a cikin maganaɗisun duniya zai haifar da lantarki. Bai ga abin da yake nema ba. Tunaninsa daidai ne, sai dai gudun kogi ya yi kaɗan, na'urorin zamaninsa kuma ba su da kaifin da ake bukata.

Kumbo ba shi da matsalar rashin gudu. Lissafin ma ba ya bukatar fiye da alli da allo: a ninka gudun waya da ƙarfin maganaɗisu da tsawon waya. Gudun kumbo, idan aka cire juyawar duniya, kimanin mita 7,300 ne cikin daƙiƙa. Ɓangaren maganaɗisun duniya da wayar ke gittawa a wannan nisa bai wuce kimanin tesla 0.000025 ba. Idan aka ninka su, za a sami bolt 0.18 a kowace mita ta waya. Ba wani abin a zo a gani ba ne, sai an ninka shi da mita 19,700, sa'an nan a ga ya haura bolt 3,500. Wannan kuwa shi ne abin da aka auna a ranar, wato fiye da ninki goma sha biyar na wutar da ke shiga gidaje.

Masana biyu 'yan asalin Italiya, Mario Grossi da Giuseppe Colombo, su suka kawo wa hukumar NASA shawarar ɗaura doguwar igiya a jikin kumbo a farkon shekarun 1970. Colombo, malami a Jami'ar Padua, ya rasu a 1984 bai ga an gwada abin ba.

Sai dai ƙarfin turi shi kaɗai ba ya kunna fitila. Kowane ɗalibi ya san cewa sai da'ira ta rufe lantarki ke gudana. Idan aka ce a ƙara waya ta biyu domin wutar ta dawo, ita ma za ta gitta maganaɗisun nan, ta haifar da nata bolt 3,500 da zai soke na farko. Mafita ɗaya ce: a bar filazma ta zama wayar dawowa. Tauraron da ke sama zai zama fozitib, ya zuƙi ilektoron daga filazmar da ke kewaye da shi. Ilektoron su gangaro ta cikin waya zuwa kumbo. A can kuma wata na'ura mai kama da wadda ke bayan gilashin tsohuwar talabijin ta harba su waje. Daga nan ayonosfiya ta ƙarasa zagayen. Duk nasarar shirin ta rataya ne a kan abu guda: ilektoron nawa ƙwallo mai faɗin mita 1.6 zai iya zuƙa daga filazmar da ba ta da kauri?

Iyakar da aka shata a kan takarda

Abu mai caji fozitib idan ya shiga filazma yakan jawo ilektoron, ya kore ayon. Nan take wani lulluɓi ke samuwa a kewayensa, kamar kube a jikin wuƙa, wanda a cikinsa ne kawai ake jin ƙarfin jan. A wajensa filazma tana harkarta kamar babu baƙo. Idan cajin kaɗan ne, kaurin kuben 'yan milimita ne. Idan ya kai dubban bolt, sai ya kumbura zuwa mitoci, duk ilektoron da ya taɓa bakinsa kuma ya faɗa ciki. Langmuir da abokiyar aikinsa Katharine Blodgett sun yi lissafin wannan tun a 1924, kuma da nan zancen ya tsaya, da aikin ya zo da sauƙi: a ƙara bolt, kube ya ƙara girma, lantarki ya ƙaru.

Maganaɗisun duniya shi ya dagula lissafin. Ilektoron ba ya tafiya yadda ya ga dama a cikin filin maganaɗisu. Yakan nannaɗe layin maganaɗisu yana kewaya shi a 'yar da'irar da ba ta wuce 'yan santimita ba, yana iya zamewa gaba ko baya a kan layin, amma tsallakawa zuwa wani layi yana yi masa wuya, kamar 'ya'yan carbi da ke zamewa a zarensu ba sa iya barinsa. A 1967 masana biyu a Amurka, Lee Parker da Brian Murphy, suka nuna da lissafi cewa saboda wannan ɗauri, ƙwallo mai caji ba ya shan ilektoron ta kowace fuska. Daga wani siririn bututu na layukan maganaɗisu kawai yake sha, ta kudu da ta arewa. Ƙara bolt yana faɗaɗa bututun, amma da ƙyar: sai an ninka bolt sau huɗu kafin lantarki ya ninka sau biyu.

Kusan shekara talatin injiniyoyi suka ɗauki wannan lissafi a matsayin rufin da ba a wucewa. An gwada shi da rokoki, kamar wanda aka harba a 1987 mai suna SPEAR-1, wanda ya ɗora wa wasu ƙananan ƙwallaye fiye da bolt 40,000, kuma sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje bai girgiza lissafin ba. To amma roka yana hawa ne ya faɗo cikin 'yan mintoci, ba ya keta filazma da gudun kumbo mai kewaya duniya. Parker da Murphy ma, domin lissafinsu ya warwaru, sun ɗauka cewa ƙwallon a tsaye yake.

Gwaji biyu, tangarɗa biyu

An fara gwada tauraron mai igiya a watan Agusta na 1992 daga kumbon Atlantis, tafiyar da Franco Malerba ya zama ɗan Italiya na farko da ya je sararin samaniya. Mita 256 kawai igiyar ta fita ta cije. Da aka dawo aka bincika, sai aka tarar kan wani sukuru ne, da aka ƙara daga baya domin ƙarfafa na'urar, ya tokare hanyar kwarkwaron da ke warware ta. An dawo da tauraron lafiya, amma da wannan ɗan tsawo ƙarfin turin bai kai bolt 100 ba, ba a kuma amsa babbar tambayar ba.

A gwaji na biyu, na 1996, awa biyar ɗin nan na warware igiya sun isa a yi awo sau da dama, a tsawo dabam-dabam da bolt dabam-dabam. Abin da ya fito bai bar wurin shakka ba: lantarkin ya zarce iyakar Parker da Murphy ninki biyu zuwa uku. Abin sha'awa, yanayin ƙaruwarsa ya yi kusa da yadda suka faɗa, wato sannu a hankali yake bin bolt, amma adadinsa ya fi nasu nesa ba kusa ba.

Na'urorin da ke jikin tauraron sun nuna inda gizo ke saƙar. Ayon na oksijin, saboda gudun kumbo, suna dukan gaban tauraron da ƙarfin da bolt 5 ya isa ya tsayar da shi. Da zarar cajin tauraron ya wuce wannan ɗan adadi, sai ya fara mayar da su baya, su taru a gabansa kamar ruwan da ke tudu a goshin kwalekwale. Wannan cunkoso yana hargitsa filazmar, yana tayar da igiyoyin girgiza a cikinta, yana ƙara wa ilektoron zafi, kuma a cikin hargitsin ilektoron suna samun damar tsallaka layukan da a da suka ɗaure su. Bugu da ƙari, tauraron da ke gudun kilomita 7.7 cikin daƙiƙa ba ya zama a bututu ɗaya har ya shanye shi; kullum sabo yake shiga. An kuma lura cewa idan ƙananan bututun da ke daidaita zaman tauraron suka fesa iskar naitirojin, lantarkin yakan ƙaru nan take, domin ilektoron masu gudu suna farfasa ƙwayoyin iskar su haifar da sabuwar filazma. Ba za a ce lissafin 1967 kuskure ba ne. Daidai yake ga ƙwallon da ke tsaye a cikin filazma mai natsuwa. Irin wannan ƙwallo ne dai babu shi a sararin samaniya.

Wannan batu na iska shi ne kuma ya bayyana yadda igiyar ta tsinke. Ba nauyi ya tsinka ta ba: an ƙera ta ta iya ɗaukar kimanin kilo 180, abin da ke jan ta a lokacin kuwa bai kai na kilo goma ba. Igiyar hawa-hawa ce. A tsakiya akwai zare, a kansa aka naɗa siraran wayoyin jan ƙarfe, aka rufe su da roba mai hana lantarki fita, sa'an nan aka saƙa wani zare mai ƙarfi mai suna Kevlar, wanda shi ke ɗaukar nauyi. Kwamitin bincike ya gano cewa robar ta sami 'yar ƙaramar kafa, ko dai tun daga masana'anta, ko kuma wani ɗan tsinke ya huda ta lokacin da take nannaɗe a matse a kan kwarkwaro. A daidai lokacin makunnin da'irar a buɗe yake, saboda haka dukan bolt 3,500 suna tsaye tsakanin wayar da jikin kumbo. Da kafar ta zo wucewa ta kusa da ƙarfe, sai tartsatsi ya tashi. Iskar da ta maƙale a cikin zaren tsakiya tun a duniya ta riƙa tsiyayowa ta kafar tana rura wutar, cikin 'yan daƙiƙoƙi Kevlar ya ƙone, igiya ta rabu.

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Bakin wayar da ya ƙone ya ci gaba da fitar da iska da tartsatsi, ya zama mazubar ilektoron da ta fi na'urar da aka ƙera domin aikin, shi ya sa lantarkin ya kai amfiya ɗaya, adadin da ba a samu ba lokacin da igiyar take lafiya. Tauraron ya yi 'yan makonni yana kewaya duniya, mutane a ƙasashe da dama suka ga igiyar da idonsu kamar siririn layin haske a sama, kafin ya faɗo cikin iska ya ƙone a watan Maris.

Kada mai karatu ya zaci an sami wutar banza. Amfiya ɗaya sau bolt 3,500 ya ba da wat 3,500, amma fiye da rabi yana ƙarewa wajen ɗumama wayar kanta, domin turjiyarta ta kai kusan om 2,000. Sa'an nan banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai keke ya san feda takan ƙara nauyi idan ya jingina dainamo da taya. Haka nan waya mai ɗauke da lantarki a cikin maganaɗisu takan ji ana jan ta baya. A ninka amfiya ɗaya da mita 19,700 da tesla 0.000025, za a sami kusan rabin niyuton, wato nauyin ƙwan kaza guda. A ninka wannan da gudun kumbo, sai ga wat ɗin nan 3,500 sun dawo. Daga gudun kumbo ake cirar wutar, kuma kumbon da ake rage wa ƙarfin tafiya, ƙasa yake yowa.

Tashar da aka yi wa zaton tsawa

Ba sai kumbo yana da igiya wannan al'amari ke shafarsa ba. Kumbunan farko sun yi aiki da bolt 28, abin da suka gada daga jiragen sama, kuma a wannan mataki filazma ba ta damun kowa. Amma babban kumbo yana bukatar wuta mai yawa. Kilowat 100 a bolt 28 yana nufin fiye da amfiya 3,500, wanda sai da wayoyi masu kauri da nauyin da roka ba zai so ɗauka ba. A bolt 160, amfiya 625 ya wadatar. Wannan dalili ne ya sa aka tsara farantan sola na Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa su ba da bolt 160, aka kuma haɗa ɓangarensu na negetib da gangar jikin tashar.

Nan ne zancen shanu da zuma ya dawo. Kumbo ba shi da ƙasar da zai zubar da caji, don haka dole ilektoron da ayon da yake sha su zo daidai wa daida. Tun da ilektoron sun fi sauƙin samu, ɗan ƙaramin ɓangare mai fozitib ya isa ya sha abin da sai ƙaton ɓangare mai negetib zai rama da ayon. Lissafi ya nuna cewa gangar jikin tashar za ta iya nutsewa zuwa kusan bolt 140 ƙasa da filazmar da ke kewaye da ita. Jikin tashar alminiyam ne mai ɗan siririn rufi, wanda irin wannan caji zai iya huda shi da tartsatsi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗan sama-jannatin da ya fita aiki waje, yana jiƙe da gumi a cikin rigar da ke da zobban ƙarfe a wuya da wuyan hannu da ƙugu, yana kuma ɗaure da tashar. Lantarkin da bai kai amfiya ɗaya ba ya isa ya tsayar da zuciya.

Saboda haka a watan Oktoba na 2000, wata biyu kafin a kafa manyan farantan farko, aka ɗaura wa tashar na'urori biyu masu fesa filazmar iskar zenon, domin su zubar da rarar ilektoron, su riƙe cajin tashar kada ya wuce bolt 40 lokacin da mutum yake waje. Da aka fara awo, sai aka tarar cajin, ko da na'urorin a kashe suke, galibi bai ko kusanci bolt 140 ba. Gilashin da ke rufe da kowane ɗan farantin sola yakan ɗauki nasa caji, ya shaƙe 'yar hanyar da ilektoron ke bi su kai ga gefen farantin. Sai dai wani lokaci, idan tashar ta fito daga inuwar duniya rana ta daki farantan kwatsam, cajin yakan yi tsalle na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya lafa. A wajen tauraron Italiya lissafi ya gaza abin da aka gani, a wajen tashar kuma ya zarce. Siffar ƙarfen da filazma ke taɓawa, har zuwa 'yar tazarar da ba ta kai milimita ba, ta fi yawan bolt tasiri, kuma injiniyan da bai auna ba sai ya yi tanadi domin mafi munin hali, kamar yadda aka yi.

Waya tsirara

Tun a 1993 Juan Sanmartín na Jami'ar Fasaha ta Madrid, tare da Manuel Martínez-Sánchez da Eduardo Ahedo, suka kawo shawarar da ta juya tsarin gaba ɗaya: a yar da ƙwallon, a tuɓe wa wayar robarta, a bar ta ta sha ilektoron da jikinta. Fatar ƙwallo mai faɗin mita 1.6 murabba'in mita 8 ce kawai, ta waya mai kaurin milimita 2.5 da tsawon kilomita 20 kuwa ta haura murabba'in mita 150. Ban da haka, wayar ta fi da'irar da ilektoron ke kewayawa sirantaka, don haka ɗaurin maganaɗisu ba ya takura mata yadda yake takura wa ƙwallo. Kuma babu robar da za ta huje.

Jan bayan nan da ya zama aibi ga mai neman wuta, shi ne abin nema ga mai son share sama. Dubban matattun taurarin ɗan'adam da gangunan rokoki suna kewaya duniya, suna barazana ga masu aiki. Waya tsirara mai 'yan kilomita za ta iya jawo irin wannan tarkace ƙasa ya ƙone, ba tare da ɗigon mai ba. Idan kuma aka tura lantarki ta kishiyar hanya da wutar sola, wayar sai ta koma mai tura kumbo sama. Wani gwajin NASA da igiyar mita 500 ya nuna a watan Yuni na 1993 cewa ana iya juya kwararar ta kowace fuska. Wahalar har kullum tana wajen warware igiyar. NASA ta soke gwajin waya tsirara mai suna ProSEDS a 2003, shekarar da kumbon Kolumbiya ya tarwatse da mutum bakwai a hanyarsa ta dawowa. Japan ta ɗora igiyar mita 700 a kan kumbonta na dakon kaya, amma a farkon 2017 na'urar sakinta ta ƙi buɗewa.

Gwajin da ya fi waɗannan duka girma ba ɗan'adam ya shirya shi ba. Duniyar Jufita, wadda malaman falaki na da ke kira Mushtari, tana da maganaɗisun da ya ninka na wannan duniya ƙarfi, tana kuma da wani wata mai suna Io wanda ke gitta shi dare da rana. Io ba ya bukatar waya, jikinsa da iskar da duwatsunsa masu aman wuta ke fitarwa sun wadatar. Ƙarfin turin da ke tasowa daga gefensa zuwa gefe ya kai kimanin bolt 400,000, kuma kumbon Voyager 1 da ya wuce ta wurin a watan Maris na 1979 ya auna kwararar lantarki ta kimanin amfiya miliyan 3 tsakaninsa da Jufita. A shekarun 1990 manyan madubin hangen nesa suka ɗauki hoton inda wannan lantarki ke sauka: wani ɗigon haske a kusa da kowane ƙarshen Jufita, kudu da arewa, wanda ke tafiya yana bin Io duk inda ya nufa.